Starlet ɗin marigayi Baba: in sayar ko in riƙe?

Assalamu alaikum Kawu. Ni malamin sakandare ne a nan Birnin Kebbi, shekarata 31. Mahaifinmu Allah ya yi mai rasuwa bara, ya bar wata ƙaramar mota Toyota Starlet ƙirar 1998, 'yar Kwatano ce ya saye ta tun ina firamare. Daga ofis sai masallacin Juma'a sai gona yake zuwa da ita, da ya kwanta ciwo kuma shekara uku tana rumfa an lulluɓe ta da tamfol. Fentinta na asali ne, kujerun ko yagewa ba su yi ba, mita ba ta kai dubu ɗari ba. Yanzu aurena ya matso, bayan babbar Sallah ne in sha Allah, abokaina suna ta yi min tsiya wai motar tsofaffi, har yayar yarinyar da zan aura ta ce ba za a ɗauko ƙanwarta cikin wanga akwati ba. Wani dillali ya taya, ina tunanin in sayar in ci bashin kofaretib in ƙara in sayi Corolla. Amma duk ranar da anka ta da maganar sai Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ni ma gaskiya ina son motar. Mi ka gani?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi jiƙan Baba, shi kyauta makwanci, shi ba Inna da ku duka haƙurin rashi.

Tun kafin in kai ƙarshen saƙonka na san inda zan tsaya, kada ka sayar da wagga mota. Amma akwai abu guda da ba ka taɓo ba kuma shi ya fi tsaya min a rai. Ka ce "in sayar", ka ce "in riƙe", to ita motar ta wa ce? An raba gado? Don duk abin da mamaci ya bari, tun daga gida har cokali, bayan an fidda bashi da wasiyya, na magada ne gaba ɗaya, Inna tana da tumunin takaba a ciki, 'yan'uwanka maza da mata kowa da haƙƙinsa, namiji rabon mata biyu kamar yadda ka sani. In Baba ya ba ka ita kyauta yana da rai da lafiya, ka karɓa ka riƙe makulli mutane sun shaida, to wannan daban. Amma "ai ni ke kai shi asibiti da ita" ko "ai ni kaɗai na iya tuƙi a gidan" ba kyauta ba ce, kuma shirun ƙannenka mata ba yafewa ba ne, sau da yawa kunya ce kawai, sai bayan shekaru maganar ta fito a wurin da ba ka so. Ka samu malamin da ya san rabon gado, a kira dillalai biyu ko uku waɗanda ba bakinsu ɗaya ba su yi mata kuɗi a gaban kowa, sannan ko dai a sa ta cikin kasonka ko ka biya sauran haƙƙinsu ko da kaɗan-kaɗan ne, a rubuta a sa hannu. In akwai ƙaramin da bai balaga ba to ka ƙara tsoron Allah a kan nashi. Na ga gidan da zumunci ya watse kan abin da bai kai mota ba, shi ya sa na fara da wannan.

To yanzu ita motar kanta.

Abokanka ba su san abin da suke kallo ba, dillalin nan shi ya sani, shi ya sa tun ba ka ce za ka sayar ba ya riga ya taya. Toyota ta fara ƙera Starlet tun 1973, ta daina a 1999 lokacin da Yaris ta maye gurbinta, ka ga taka ta 1998 tana cikin 'yan auta ke nan, bayan kamfanin ya kwashe shekara ashirin da wani abu yana gyara kurakuransa. Wadda ake sayarwa yanzu da suna Starlet tun 2020 ma ba jininta ba ce, Suzuki Baleno ce anka manna mata tambarin Toyota, don haka irin taka an gama yin ta har abada. Injinta ɗan ƙarami ne, 1.3, irin wanda ke cikin ƙananan Corolla na wancan zamani, abin da wannan ke nufi shi ne duk makaniken da ya kwana biyu a sana'a ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa, kayan gyara kuma ba sai an aika Legas an jira mako biyu ba. Ba ta kai tan ɗaya a nauyi ba, ba ta da tarin na'urorin nan da in ɗaya ta yi gardama sai an nemo mai kwamfuta ya jona ya karanta kafin a san mi ke damunta. Ka shiga lungun Makerar Gandu ko cunkoson bakin babbar kasuwa ranar da anka cika, inda mai babbar mota zai tsaya yana gaba yana baya, kai ka riga ka juya ka wuce.

Sai maganar mai, wadda ita ce ta canja komai. Kafin 29 ga Mayun 2023 da anka cire tallafi lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Kai shaida ne, manyan motoci nawa ne a Gesse da Badariya sunka koma kwana a gida masu su na hawan kabu-kabu zuwa ofis? Lafiyayyar Starlet lita ɗaya kan kai mutum kilomita goma sha biyu zuwa sha biyar cikin gari, kuma ba sai ka yarda da ni ba, in ta tashi ka cika tanki ka rubuta lambar mita, ka yi zirga-zirgarka ta mako guda ka sake cikawa ka yi lissafi, ai kai malami ne. Mai albashin koyarwa da zai fara ciyar da iyali, wannan lissafin ya fi masa kyan bodi amfani nesa ba kusa ba.

Kuma irinta ba ta shigowa kamar da. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar nan ta Kwatano da ta ciyar da Kamba da mu duka da motoci masu sauƙin kuɗi ta toshe, ga kuma faɗuwar naira. Waɗanda sunka rage a gari yawanci sun sha haya, an loda masu buhunan shinkafa da albasa da fasinja har a but, an yi walda an sake walda, fenti kan fenti. A ce hannu ɗaya, fentin kamfani, kujeru ba yaga, wallahi sai ka zagaye jihar nan ba ka ga biyar ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ita kuma Corollar da kake hange, tsaya ka tambayi kanka wace iri kuɗinka zai saya. Ba sabuwa ba, ba ma wadda ta sauka daga jirgi jiya ba, wadda ta bi hannu uku ko huɗu a nan gida ce, an wanke inji da omo an shafa mai a taya, ba ka san ko an mai da mita baya ba, ba ka san ko ta taɓa kifewa an miƙe ta ba, ba ka san wane irin baƙin mai anka riƙa ɗura mata ba. Wagga kuwa a gabanka ta tsufa. Ka san wanda ya tuƙa ta, ka san bai taɓa gudu da ita ba, ka san ko ta taɓa bugun wani abu. Sanin tarihin mota kuɗi ne, kuma ba dillalin da zai iya sayar maka da shi.

Amma fa kada daɗin wannan maganar ya ɗebe ka, don yanzu zan zo inda nake jin tsoro. Shekara uku a rumfa ba hutu ba ne ga mota, jinya ce. Mota kamar ɗaki take, in ba mai shiga yana fita sai ta fara lalacewa ta inda ido ba ya gani, kuma wannan kyan fentin shi ne zai yaudare ka. In ba ka riga ka tayar da ita ba, to kada ka sayo batir ka sa ka murza makulli don ɗoki. Fetur ɗin da ya kwana shekara uku a tanki ya riga ya lalace, ya zama kamar danƙo, in ya bi ta famfon mai ya shiga nozul ka jawo wa kanka aikin da ba ka da shi. A zuƙe shi, a sauke tanki a wanke, a canja filtar mai. A juye tsohon baƙin mai a sa sabo da sabuwar filta. A buɗe gidan filtar iska a duba, don zanzaro na son irin wurin nan ya yi gini, ɓeraye kuma su yi sheƙa su ci wayoyi, saboda haka rewaya ma ya bi wayoyin da idonsa kafin a ba ta wuta, motoci da yawa gobarar da ta cinye su daga waya ɗaya da ɓera ya ɓare ta faro.

Bayan nan duk abin da yake na roba ka ɗauka ya mutu ko da ya yi maka kyau a ido. Zafin garin nan da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu da bushewar hunturu ba sa barin roba, ko ana hawa ko ba a hawa. Tayimin bel shi ne na farko, ƙa'idarsa dama wajen kilomita dubu ɗari ne ko in ya daɗe, taka kuma ko ba ta kai kilomitan ba ai ta daɗe, in ya tsinke a hanya inda kake nan za ka tsaya, ba turi ba dabara. Sai fanbel, sai tiyon lagireto na sama da na ƙasa, sai tiyon birki. Man birki yana shan danshi in ya daɗe, a zubar da shi duka a sa sabo, a duba ko birkin baya ya kame saboda zama wuri ɗaya. Taya kuma kada ka kalli zanenta ka ce ai sabuwa ce, ka duba gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2315 to an yi ta a mako na 23 na 2015 ke nan. Su kansu masu ƙera taya cewa suke in ta kai shekara goma a cire ko ba ta taɓa taka ƙasa ba, balle wadda ta yi shekara uku tana ɗauke da nauyi a gefe guda. Har safaya ka duba.

Ba da ka nake wannan maganar ba. Na taɓa ajiye mota shekara biyu saboda aiki ya kai ni wani gari, da na dawo na ga tana sheƙi, na canja baƙin mai kawai na ɗebi iyali za mu ɗaurin aure Jega. Ko Kalgo ba mu wuce da nisa ba tiyon lagireto ya fashe da tsakar rana, kafin in lura da allurar zafi inji ya riga ya dahu, gasket ya ƙone, ga yara a bakin titi ba inuwa. Abin da zan canja da kuɗi kaɗan a gareji shi ya ja min sauke kan inji gaba ɗaya, kuma har na rabu da motar ba ta koma yadda take ba. Har yau in na tuna fuskar yaran nan a rana raina ba ya min daɗi.

In ta tashi, ka tsaya bayanta ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, baƙi kuma fetur ne ya yi mata yawa. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, in ka ga abu kamar madara ya taru a ciki to a bincika gasket. Lagireto a wanke a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ba ruwan rijiya ba, shi ne ke cinye su da tsatsa ta ciki. Kuma ga wani gargaɗi da nake so ka riƙe da kyau: akwai makanikan da da sun ga motar Turai sai su ce a cire tamostat, abin nan da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye wai don nan ƙasar zafi ce. Kada ka yarda. In tana zafi akwai dalili, a nemo dalilin, cire shi sai ya sa injin ya riƙa aiki ba a kan zafin da anka tsara masa ba, ya ƙara shan mai ya kuma saurin tsufa.

Abu na ƙarshe a jikinta, kuma shi ne alƙali, tsatsa. Motocin da sunka fito Turai sun taka gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, wasu tun can sunka ɗauko ciwon, bushewar ƙasarmu ce ta rufa masu asiri. Tamfol kuma da damina yana riƙe danshi. Ka kai ta garejin da ke da rami, kai da kanka ka sauka da tocila, zuwa da kai ya fi aike. Ka duba ƙarƙashin ƙofofi, da inda shokozoba ke kamawa, ka ɗaga kafet ta wajen ƙafar direba, ka fidda safaya ka duba ramin da take kwana. Tsatsar sama-sama ba komai, a kankare a shafa magani. Wadda makanike zai soka sukundireba ta huda, wannan babbar magana ce.

Makanike guda ka zaɓa, dattijo wanda ya san Baba in akwai, ka tsaya a kansa ranar aiki, duk abin da anka cire a ba ka shi a hannu, don kayan asali na irin wagga mota sun fi sababbin jabun da ke kasuwa kuma akwai masu musanyawa. Kada ka bari a ce a sake mata fenti don biki, kada a sa mata manyan taya ko baƙin gilas ko a fasa ƙofa a dasa sifika. Darajarta tana cikin kasancewarta yadda ta fito. Wanki da ɗan man goge bodi sun ishe ta. Takardu ma ka nemo su tun yanzu, ta kwastan da sauran, a mai da sunanka bayan an gama rabo, ka sabunta lasin da inshora kafin ka haɗu da 'yan bi'ai'o. Duk wannan zai ci kuɗi, ba zan ɓoye maka ba, amma ba zai kai ko kusa da bashin da kake shirin ɗauka ba.

Ba zan kuma ce maka ba ta da aibu ba. Ƙarama ce, ƙarfenta ba kauri, ƙirar shekaru kusan talatin da sunka wuce ce ba a yi ta da kariyar motocin yanzu ba. Cikin gari, Kalgo, Jega, Argungu, Gwandu da rana, duk za ta kai ka lafiya in Allah ya so. Amma ka ɗebi iyali da dare ka bi hanyar Koko zuwa Yauri tsakanin tireloli da tankoki, a'a, wannan ka shiga motar haya ko ka jira gari ya waye. Kada ka yi mata lodi, ka ɗaura bel kai da na gefenka. Da yawansu ba su zo da esi ba, in taka haka take to amarya za ta ji jiki a bazara, gara ta sani tun yanzu. In Allah ya kawo zuri'a gida ya cika za ka bukaci babba, lokacin sai ka saya da kuɗin da ka tara, ba da na kofaretib ba.

Don shi bashin nan, ɗana, ka san yadda yake. Tun kafin albashi ya shigo an yanke, wata bayan wata, daidai lokacin da kake koyon cefane da kuɗin haya da na asibiti, ga awo ga suna in Allah ya kawo rabo da wuri. Ɗaukar amarya kuwa dare ɗaya ne. Su abokan da ke maka tsiya ai dama aikinsu ne su kawo motoci ranar, haka ake yi a garin nan tun da can, ango ba ya ɗauko amarya da motarsa shi kaɗai. Ka ce masu mai Corolla ya kawo mai Honda ya kawo, magana ta ƙare. Yayar amarya kuma kada ka yi musu da ita ko ka riƙe ta a rai, babba ce gare ku, kuma son ƙanwarta ya sa ta faɗa, a ɗauko amarya a motar da ta kwanta mata a rai, ba abin da ya ragu gare ka. Abin da na lura shi ne ka faɗa min maganar abokai, ka faɗa min maganar yaya, ba ka faɗa min abin da ita yarinyar ta ce ba. Ka tambaye ta kuwa? In ka je zance ka zauna ka gaya mata gaskiya, ga albashina, ga motar mahaifina, ga abin da bashi zai ci mana duk wata in na saya wata, ke mi kika gani. Ita ce za ta zauna a gidan da za a yanke wa albashi, tana da haƙƙin a yi shawara da ita, kuma amsar da za ta ba ka za ta nuna maka abubuwa da yawa game da zaman da za ku yi.

Inna kuwa, tashin da take yi ta shiga ɗaki ai magana ce ta yi maka. Shekara nawa tana zama a kujerar gaban nan, a ciki anka kai ta haihuwa, a ciki ta raka shi asibiti. Ba za ta ce maka kada ka sayar ba don ba ta son ta tauye ka, kai ne za ka gane. Ka same ta ku biyu ka ce mata Inna na fasa, zan biya 'yan'uwana haƙƙinsu in gyara ta in riƙa hawa. Kuma hawan nake nufi, kada a gyara a sake mai da ta rumfa don tunawa da Baba, ko ba ka da inda za ka ka zagaya da ita sau biyu a mako har inji ya yi zafi. Ranar da makanike ya sallame ta, kafin abokai kafin amarya, Inna za ka fara ɗauka, ka tambaye ta gidan wa take son zuwa cikin danginta ka kai ta, ka tuƙa a hankali yadda Baba ke yi.

Ka sake rubuto min bayan ka sauka ramin nan ka faɗa min abin da ka gani a ƙarƙashinta, don in tsatsa ta huda inda shokozoba ke kamawa ko ƙarfen da ke ɗauke da ita, to shawarata za ta canja, sai mu sake zama. Allah shi sanya albarka a auren, ka gaishe min da Inna.